Jan Keken Surukin Ja'afar

Dogon Dutsi, 9 ga Oktoba

Taubashina Ja'afar,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya ƙafar Gwaggo? Allah ya ƙara sauƙi. Gaisuwa ta tsaya nan.

Kai ka san ni. A katiriyam, aji uku na sakandare, na bar lakkol, da kile biyu na kwance noti na kafa rumfa bakin tasha, ba wanda ya ba ni ko ƙusa. Shekara ashirin da biyu ina gyaran keke. Na gina gida, na kai Inna Makka, na aurar da ƙannena uku. Ban taɓa zuwa ofishinka neman sa hannu ba.

Shi ya sa da ƙungiyarmu ta 'yan garin Ɗan Kassari ta ce a sayo wa masu rigakafi tsofaffin kekuna uku masu faɗin taya, ni aka nema, kai sakatare ka raka ni. Kuɗi ba yawa, hanya kuma ka san ta: yashi, ƙaya, sannan hawan dutse. Na zaɓi biyu marasa kyan gani, ƙarfe zalla, ba amortisar mai rage girgiza a baya, don in ta lalace ba mai kayan gyaranta a nan. Na ukun kai ka nuna, ja mai sabon fenti, a shagon Alhaji surukinka. Na fiddo wuƙa zan kankare fentin wajen walda, yadda nake yi wa kowane tsohon keke. Ka riƙe mini hannu. Wai abin kunya ne a kankari kayan suruki a gabansa. Gaban Hakim direba na ce kada a saya. Ka saya.

Ran Laraba jan keken ya rabe biyu a gangaren Lugu. Nafi'u, mai rigakafin da ke bisansa, na kwance asibiti da karyayyar kafaɗa, allurar yara ta tarwatse bisa duwatsu. Na je na ɗauko ƙarfen. Tsohon tsagi ne, an cike shi an shafe da fenti.

Sai ga shi an ce mini a taron ƙungiya na jiya ka karanta takarda wai makaniki ne ya zaɓi kekuna. Yau da safe mutum biyu sun janye kekunansu daga rumfata ba a gyara ba. Ka gyara takardarka.

Wassalam,
Maikano

Dogon Dutsi, 17 ga Oktoba

Ja'afar,

Bayan sallama da fatan an tashi lafiya. Matarka Lubabatu ta kawo saƙonka tare da zabi biyu. Ga su nan na maido.

Wai in yi haƙuri, a rufa asirin gida, Alhaji zai sauya keken a ɓoye. Da fatar wa za a rufa asirin, tawa? Matar Nafi'u ta wuce rumfata ran Juma'a ta kau da kai, yarinyar da aka raɗa wa suna a gabana. Wallahi ranar ban iya cin tuwo ba.

Ban ce ka ambaci Alhaji ba. Wataƙila shi ma haka aka sayar masa. Kai ne ka riƙe hannun. Ran Lahadi zan zo taro da rabin ƙarfen nan cikin buhu, Hakim na gefena. Ko ka tashi ka karanta gyara, ko in kwance bakin buhun.

A rubuta cikin littafin ƙungiya, ba "makaniki" ba, da cikakken suna: Maikano Abdussalamu ya zaɓi biyu, suna nan suna aiki, na ukun ya ce kada a saya. Da hannunka nake so.

Ka gaida Gwaggo, ita ba ruwanta.

Ni ne,
Maikano Abdussalamu