Keken da Ka Aiko Ya Fi Ƙarfin Tsayina

Briqueterie, Yawunde,
12 ga Nuwamba, 2023.

Zuwa ga ƙanena Taufiƙ,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Saliha da yara. Allah ya sa sanyin Beljiyam bai fara matsa muku ba. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Inna tana nan da ƙarfinta, gwiwar ce dai ke damunta idan an yi ruwa, kuma ka san ruwan garin nan ba ya sallama da wuri. Har yau ba ta yarda kowa ya dama mata kunu in ba matata Jaratu ba, wai hannun sauran bai san gwargwado ba. 'Yata Zuhura ta sauka lafiya, an sami mace, an raɗa mata Madina. Unguwa tana nan yadda ka bar ta, hayaƙin masu tsire da yamma, hon ɗin taksi tun da safe, sai dai mutane sun ƙaru, hanya kuwa ba ta ƙaru ba.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga hannuna alhali ga waya. Dalili shi ne akwai maganar da na kasa faɗa maka da baki. Sau uku ina ɗauko ta, sai ka sako wata hira, ni kuma in ji daɗi in bi ka. Makon jiya da ka ce in sa a ɗauke ni bidiyo a kan keken don ka nuna wa abokan aikinka, na ce maka wayata ta cika. Ƙarya na yi. Keken da ka aiko mini ba ya hannuna yau wata huɗu ke nan, na yi musaya da shi. Ka daure ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke mini hukunci, domin laifin ya fara tun kafin keken ya shiga kwantena.

Ka tuna yadda abin ya faro. Likita ya ce sugana ya hau, ya ce mutumin da ke wuni a zaune gaban keken ɗinki, ya tashi ya zauna a taksi, ya sauka ya zauna gaban tuwo, shi ke kiran ciwo da kansa. Ga shi mun mayar da shago unguwar Essos saboda ɗinkin kayan makaranta, kullum sai na tsaya a bakin titi ina faɗa wa direbobi inda za ni, suna wucewa kamar ba da su nake ba. Kai ne ka kawo shawarar keke, ka ce zai kai ni aiki, ranar Lahadi kuma in yi tafiya mai nisa da shi kamar yadda kake yi a can. Ka ce in cire takalmi, in jingina da bango, in sa littafi tsakanin ƙafafuna, a auna daga littafin zuwa ƙasa, sannan a auna tsayina. Na yi duk yadda ka ce, Jaratu ce ta riƙe tef ɗin tana dariya. Tsayi ya ba da santimita ɗari da sittin da takwas, ƙafa saba'in da takwas.

To a nan hannun tela ya motsa. Shekara talatin ina yanka yadi, ban taɓa yankawa daidai wa daida ba. Wanda ya koya mini aiki cewa yake babbar riga ana rage ta, ƙarama kuwa sai dai a yi sadaka da ita. Na dubi lambobin nan, na ce abin da zai taso tun daga Turai ai bai kamata ya zo a matse ba. Sai na ƙara goma a tsayi, na ƙara takwas a ƙafa, na aika maka. In faɗi gaskiya akwai ɗan girman kai a ciki, don ban ga dalilin da zai sa ƙanena ya riƙe a rubuce cewa yayansa gajere ne ba. Har ka tambaye ni ko na tabbata, ka ce a iya tunaninka ban kai haka ba. Ni kuma na tambaye ka ko tela za ka koya wa awo. Sai ka je ka nemo abin da ya dace da mutumin da na kwatanta maka. Saboda haka kada ka sa a ranka cewa kai ne ka yi kuskuren zaɓe.

Ranar da kwalin ya iso daga Duwala, rabin layinmu ya taru a tsakar gida. Kai, keke ya yi kyau, wannan ba gardama. Shuɗi ne mai sheƙi, ga rashin nauyi, Jaratu ta ɗaga shi da hannu ɗaya. Da na zo hawa, sai na ga sandar tsakiya ba ta barin ƙafafuna biyu su taɓa ƙasa. Muka sauke sirdi har ƙarshe, duk da haka sai na karkata ƙugu kafin in kai feda ƙasa. Kan keken kuwa yana can nesa, sai na miƙe kamar mai shanya kaya a igiyar da ta fi shi tsawo. Na ce wa jama'a haka keken tsere yake, su ma ba su sani ba, suka yarda. Mako biyu ina zuwa Essos da shi. Wuya ya riƙe, baya ya riƙe, abin da ya fi damuna shi ne yatsuna, sai in isa shago in kasa zura zare a allura har rana ta ɗaga.

A mako na uku na faɗi. Ina gangarowa ta Ekoudou sai taksin da ke gabana ya tsaya ɗaukar fasinja, yadda suka saba, ba sigina ba komai. Na kai hannu birki, yatsun ba su kama da kyau ba, na kauce masa na faɗa kwata. Keken bai ji komai ba, ni ne na kuje a ƙwauri, ɗan ciwo da bai kai tafin hannun jariri ba. Mako biyar ya yi kafin ya rufe. Ba sai na gaya maka abin da nake tunawa duk safiya idan Jaratu tana wanke shi ba, kai ma kana nan lokacin da ciwon sugan Baba ya fara daga ɗan yatsan ƙafa guda, kuma ka san inda ya ƙare. Na ji tsoro, Taufiƙ, tsoro na gaske. Hoton da na turo maka ina tsaye kusa da keken ina murmushi, a lokacin aka ɗauke shi, bandejin yana ƙarƙashin wando.

Da na warke sai na tura keken zuwa Nkomkana wurin Gwadabe mai gyaran kekuna, wani dattijo da ya yi tsere a ƙuruciyarsa. Na ce masa so nake ya rage mini shi, ya yanke sandunan ya sake haɗawa. Ya dube ni ya dubi keken, ya yi dariya har ya zauna a kan benci. Ya ce wannan ba shadda ba ce, kuma irin ƙarfen da aka yi shi da shi ba a yi masa walda a bakin titi. Ya tsayar da ni ya auna ni da kansa, ya ce lambata hamsin da biyu ce, wanda na kawo kuwa hamsin da takwas. Ya ce a keke ƙarami ne ake iya gyarawa, a ɗaga sirdi a tura kai gaba, babba ba shi da magani. Wato duk abin da na sani a sana'ata a juye yake a tasa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, amma ni sai da na gani a jikina.

Gwadabe mutum ne mai son magana, ni kuma ranar ba ni da bakin musu, sai na saurara. Ya ce mai zaɓen keke a Yawunde ya fara da girman da ya dace da jikinsa, sauran duk bayan nan suke. Sannan ya duba giyar keken, domin garin nan in ba ka hawa tudu to kana sauka, kuma naka an yi shi ne don masu ƙarfin cinya a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Ya ce siraran tayoyin nan suna gudu a kwalta mai kyau, amma ramukanmu da duwatsun da ruwa ke sharo wa titi za su mayar da ni abokin mai faci. Ya nuna mini cewa babu wurin ɗaura madgad mai tare laka, ga jar lakar damina, babu wurin ɗaura kariya ta ɗaukar kaya, ni kuwa kullum da ƙunshin yadi nake tafiya. Birkinsa ma na mai ne, ya ce idan ya lalace sai dai in jira ka aiko da kayan gyara. Bai kushe keken ba ko kaɗan. Cewa ya yi doki ne na gaske, sai dai ba nawa ba ne.

A shagon akwai wani keke mai ruwan toka, tsoho, fentinsa duk ya kuje. Na wani malamin makaranta ne mai suna Abdulmajid, dogo ne sosai, shi kuma matsalarsa keken ya yi masa kaɗan, gwiwoyinsa har suna neman taɓa kan. Gwadabe ya ce in hau in zagaya. Na hau, ƙafa ta sami ƙasa, hannu ya sami birki, na haye tudun bayan shagon ban sauka na tura ba. Ya kawo maganar musaya, na ce a'a, kyautar ɗan'uwana ce. Na dawo da naka gida na rataye a ɗaki. Jaratu ta ce na yi daidai, ba a musayar kyauta, ba a sayar da ita, in ka ji labari me za ka ce. Wata guda keken yana rataye ina goge masa ƙura, ni kuma na koma tsayuwar jiran taksi. Da na koma awo asibiti, sugan ya fi na da. Likita bai yi faɗa ba, ya dai tambaye ni ina keken da na ce an aiko mini.

Washegari na sauke shi na kai Nkomkana. Ban karɓi ko dala ba, don kada a ce na sayar da abin da ka ba ni. Abdulmajid ya san nasa bai kama ƙafar naka ba, shi ya sa ya sa mini sababbin tayoyi masu faɗi da madgad da kariya. Tun daga ranar da shi nake zuwa aiki, kuma ina riga masu jiran taksi isa. Ranar Lahadi bayan asuba muna haɗuwa da masu keke, mu takwas ko tara, mu fita bayan gari. Da farko nan kusa Soa kawai nake kaiwa in juyo ina haki, yanzu na je Obala sau uku, Mbalmayo sau ɗaya, ko da yake bayan na dawo sai da na yi kwana biyu ina sallah a zaune. Matsattsen wandon nan nasu dai ban sa ba kuma ba zan sa ba, na ɗinka nawa mai tsuke ƙafa don kada kaca ta kama. Awon da aka yi mini a watan jiya ya sauka, likita ya rage mini ƙwaya ɗaya. Abdulmajid yana cikin masu fitar, kullum yana gaba, ni ina can baya ina hango shuɗin kekenka yana haye tudu yadda ya kamata ya haye.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi mini nauyi. A jikin sandar tsakiya ka manna ɗan rubutu da fararen haruffa, Yaya Tahiru. Ranar musaya Abdulmajid ya tambaye ni, cikin ladabi, ko a bar shi ko a cire. Na ce ni zan cire da hannuna. Na sa reza a hankali, duk da haka ya yage gida biyu. A nan ne na tuna ka ce wata uku ka yi kana zagaya shaguna bayan ka tashi aiki, kuma kai ka haɗa shi da kanka. Ban iya cin abinci ranar ba. Rubutun yana cikin aljihun teburin ɗinkina, ban san abin da zan yi da shi ba, kuma na kasa yarwa.

Ban yi nadamar musayar ba, ba zan ƙara maka wata ƙaryar ba. Abin da nake jin kunyarsa shi ne awon da na aika maka, da gatsalin da na yi maka lokacin da ka tambaya, da wata huɗun da na yi ina amsa maka cewa keke yana lafiya. Kai ka yi abin da ɗan'uwa ke yi, ni na ɓata. Ni ne babba, kuma tun kana yaro ban saba ba ka haƙuri ba, kai ma ka sani. Yau ina ba ka. Ka yafe mini, Taufiƙ.

Inna ba ta san komai a kan wannan ba, ita a wurinta keke keke ne, ta dai ce fentin ya yi saurin ƙoɗewa. Tana gaishe ka ƙwarai, tana sa maka albarka. Jaratu tana gaida Saliha, ta ce a gaya mata turaren ya iso. Zuhura da maigidanta Mahmudu suna gaisuwa. Ka shafa mini kan Najib da Jiddah, ka ce Baffansu yana tambayar karatu. Allah ya tsare ku, ya sada mu da alheri.

Zan jira amsarka, ko da faɗa ce.

Ni ne yayanka,
Tahiru.