Dukan da Aka Yi wa Isiya a Ƙofar Ofis

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, da Yaya Binta da yara. Yaya zafin Ikko? Mu nan Kafur sai godiya, ana ta cirar auduga.

Ranar Talata na raka ƙanenmu Isiya Malumfashi, wajen ganawar tallafin karatun jami'a. Muna isa ƙofa, masinja ya gan shi gurgu a kan keke, ya ɗauka mabaraci ne. Ya ce, "Fita, yau ba Juma'a ba ce!" Isiya ya miƙa masa takardunsa, shi kuwa ya zabga masa dorina, ya hankaɗe keken. Goshin Isiya ya bugi dakali, jini ya wanke masa fuska.

Yaya, idona ya rufe. Na shaƙe mutumin nan, na yi ta naushinsa har haƙorinsa ya fita. 'Yan sanda suka tafi da ni, sai da Kawu ya karɓo ni.

Ashe Isiya da rarrafe ya shiga, rigarsa jina-jina, ya amsa tambayoyin masu ganawar duka. Sun ɗauke shi. Keken dai ya karye, kuma har yau Inna ta ƙi wanke rigar.

Ka sa shi a addu'a, ni kuma ka roƙa mini sanyin zuciya. Inna tana gaishe ku.

Ƙanenka,
Lawal