Daɓen Jirgin Baba

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara, kuma ina fatan aikin ofis bai hana ka barci ba kamar yadda aikin da ka aiko mana ya hana ni. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Na rubuto da hannu ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana, takarda kuwa ba ta da maɓallin kashewa.

Kayanka sun iso. Mota ta tsaya a ƙofar gida aka sauke falankan katako, da sandunan alminiyam, da kwalin ƙusoshin ribit, da wani kafet ruwan toka wanda ko falona bai samu irinsa ba. Maƙwabta suka fito suna yi mini barka, sun ɗauka ɗaki zan ƙara. Da na ce musu daɓe za a yi wa jirgin ƙarfen nan na kamun kifin Baba, sai kowa ya juya ya koma gida.

Ka san abin da likita ya ce, tunda ni na gaya maka: mikin da ke ƙafar Baba ta hagu ba zai warke ba muddin tana jiƙa, ga kuma ciwon suga. Ni na fahimci maganar da cewa ya huta da shiga ruwa. Na yi ta lallashinsa har ya fara saukowa, ya bar ni na kife jirgin a bayan gida. Kai kuma daga can, kana zaune kan kujera mai juyi, sai ka fahimce ta da cewa a ɗaga masa ƙasan jirgi. Sannu da dabara.

Yanzu tsakar gida ta zama shago. Ya kira kafintan bakin titi, wanda a iya sanina bai taɓa ƙera abin da ya wuce tebur da gado ba. Sun ɗora jirgin kan tsofaffin tayoyi, sun yanka sandunan sun jera su a gicciye kamar haƙarƙari, suna huda jikin jirgin suna ɗaure su da ribit. Kowace huda sai na ji ta a haƙorina. Baba na zaune da tef ɗin awo a wuya yana ba da umarni, ya manta da magani, ya manta da abinci. Garin alminiyam har cikin tukunyata. Jiya na tambaye shi ko an toshe wurin nan na baya da yake yoyo tun muna yara, ya ce in je in duba abin da na ɗora a wuta.

Ba zan ɓoye maka ba, ina jin haushinka ƙwarai. Ka sayi farin jini a wurin Baba da katako, sunanka ne a bakinsa safe da yamma, ni da nake wanke mikin kuwa na zama mai hana ruwa gudu. Ranar da zai tura jirgin nan cikin tafki kana ofis, ni ce zan tsaya a gaɓa.

A gaida mutanen gida. Ka huta lafiya, idan zuciyarka ta bar ka.

Yayarka

Auta,

Sallama da gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Baba yana da rai. Na fara da wannan ne don na san ka da tsallake layi. Sauran ka karanta a zaune.

An gama daɓen, kuma ba zan yi ƙarya ba, ya yi kyau. An rufe ƙasan jirgin ruf daga gaba har baya, aka manna kafet, ko ina ba tsagi. Baba ya sa safa da takalmin roba, karo na farko a rayuwata da na gan shi da takalmi cikin jirgi. Da hantsi ya shiga ruwa, ni kuma na tsaya a gaɓa tare da Dogo, abokinsa mai gyaran koma.

Dogo ne ya fara lura jirgin yana nutsewa a hankali. Baba na tsaye ƙyam a kan daɓenka, yana jefa koma cikin nishaɗi, bakin jirgin kuwa sai matsowa kusa da ruwa yake. Muka yi ta ƙwala masa kira, shi kuma ya ɗauka yabo ne, har da ɗago mana hannu. Da ya karkata zai jawo komar, ruwan da ya taru ƙarƙashin katakon ya gangara gefe guda, jirgin ya tuntsure da shi. Ban san lokacin da na shiga ruwa har ƙugu ba. Allah ya sa ya riƙe bakin jirgin har Dogo ya isa gare shi da nasa kwale-kwalen.

Kai ba ka zauna a jirgin nan ba, tun kana yaro amai kake yi in an kai tsakiya, don haka bari in gaya maka abin da ka rufe. Baba ba ya duba ƙasan jirgi, idonsa na kan ruwa da koma. Ƙafarsa ce ke yi masa gadi. In ruwa ya taɓa diddige sai ya ƙyale shi, in ya kai idon sawu sai ya ɗauki gwangwani ya kwashe. Haka ya yi duk rayuwarsa da yoyon nan na baya. Yanzu ga tsohon yoyo, ga sababbin hudojin kafinta, ga shi an ɗora shi kan busasshen kafet cikin takalmi. Kada ka tambaye ni me ya sa ban tuna ba, ni tun farko cewa na yi kada a yi.

Mikin da ka kashe wa kuɗi don kada ya jiƙe ya sha taɓo har ya ƙoshi. A asibiti, ana wanke masa, magana ɗaya ya yi, kuma ba da ni yake ba. Cewa ya yi, “Ƙafata ta yi mini ƙarya.”

Ba sai ka kira ba. In ka kira ma ba zan ɗauka ba.

Yayarka

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, miki yana kamewa, da fatan ku ma haka. Saƙonka ya iso, mutumin da ka turo ya sayi jirgin ma ya iso. Na ba shi ruwa ya sha, na nuna masa hanyar da ya biyo.

Wato da ka ga dabararka ta farko ta kife, sai ka fito da ta biyu: a sayar da jirgi, a kwaso Baba a kai maka shi saman bene ya riƙa kallon motoci ta taga. Kullum kai ne mai yanke hukunci, kullum kuma daga nesa. Ka ce ai abin da nake so ke nan tun farko. Haka ne, kuma na same shi. Tun da muka dawo daga asibiti Baba yake shan magani ba gardama, ya daina tambayar jirgi, ya daina yi mini faɗa. Sai ya wuni zaune ya juya wa ƙofa baya, in Dogo ya zo ya ce a ce yana barci. Ya zama mara lafiyan da nake ta roƙo ya zama, kuma kallonsa a haka ya fi tsayuwar gaɓa tayar mini da hankali.

Don haka na kira kafintan nan ya dawo. Muka ɗaga daɓen, muka cika jirgin da ruwa a kan tayoyi, duk inda ya ɗiga ta waje muka sa alama aka toshe da gam. Yoyon baya ya ragu amma ya ƙi dainawa, taurin kai gare shi irin na mai shi. Aka mayar da katakon, aka buɗe 'yar ƙofa a baya inda gwangwani zai shiga. Sannan na jawo Baba da ƙyar, na tsayar da shi inda ya saba tsayawa, na cire masa takalmin dama, na zagaye tafin ƙafar da fensir a kan kafet ɗinka mai tsada. Fensirin ya yi masa cakulkuli, ya yi dariyar da rabona da jin ta tun ranar da ya faɗa ruwa. Kafinta ya bi zanen da zarto ya fitar da shi.

Yanzu hagu tana cikin takalmi a kan daɓe a bushe, dama tana cikin rami a kan ƙarfen jirgin ba ko safa. Na ce masa zai riƙa tsayuwa a karkace, ya ce ai dama a karkace yake. Jiya muka shiga tare, ina zaune a baya da gwangwani. Idonsa na kan koma, bai waiwayo ba, bai sunkuya ba, sai kawai na ji ya ce, “Kwashe.” Na buɗe ƙofar, na tarar da ruwa daidai idon sawu.

Ƙullin da ke tare da wasiƙar nan guntun katakon da aka yanke ne, da kafet ɗinsa a jiki. Tafin ƙafar ubanka ke nan, kuma shi ne rabonka daga jirgin. Ka ajiye shi kan teburin ofis. Duk ranar da ka sake son sanin halin da Baba yake ciki, kada ka aiko mota. Ka zo da kanka, ka cire takalmi.

A gaida yara, su ba su yi mini komai ba.

Yayarka