Dutsen da Rabo Ya Aiko daga Jado

Laraba, 15 ga Mayu 2024
Da hantsi na ga Sha'ibu ya sauka daga babur a ƙofar gidanmu da jakar yayana Rabo. Jakar kawai. Tare suka tafi haƙar zinari Jado, can cikin hamada, bayan Rabo ya sayar da san nomanmu. Wai Rabo ya wuce Libiya. Cikin jakar tsofaffin riguna ne da dutse. Sha'ibu ya nuna dutsen: "Ya ce a ba Inna."
Sa ya tafi, dutse ya dawo.

Juma'a, 17 ga Mayu
Inna ta ɓoye dutsen ƙarƙashin matashi. Na ɗauko na duba. Wani abu ne kwance ciki, gaɓa-gaɓa kamar siririn karan hatsi. Gindinsa ya yi saiwa, saiwar ta damƙe wata katantanwa kamar yatsu.

Asabar, 25 ga Mayu
Na kai wa Malam Abdulhadi na lakol, makarantar boko, a Cadawa. Wai dabba ce, ba tsiro ba, ta zama dutse tun Jado na ƙarƙashin teku. Jadon da ake sayen ruwan sha! Laka ba ta riƙe ta, sai ta nemi abu mai tauri ta kama, ta miƙe, ruwa na kawo mata abinci. Wata kan nannaɗe jikin 'yar'uwarta.
Na ce, "Malam, ita katantanwar an tambaye ta?" Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Litinin, 3 ga Yuni
Baba Yahuza, ƙanen babanmu, ya zo. Gonar gindin gawo aro ya ba Rabo. In ruwa ya sauka ba a shuka ta ba, zai karɓe abinsa. Inna ta ce, "Tala, shuka ma ɗan'uwanka." Na ce a'a. Bara ni na nome ta, da hannu, babu sa. Ya isa.

Alhamis, 6 ga Yuni
Ƙanwata Ummi ke miƙo mini tuwo yanzu. Inna ba ta ko dubana.

Lahadi, 9 ga Yuni
An yi ruwa. Mun gama shuka tamu, iri ya saura a ƙwarya, kuma hanyar gida ta gindin gawo ta bi, sai na shuka gonar. Shi ke nan dalili. Ba don Rabo ba ne.
Dutsen na aljihuna, ban san yaushe na ɗauko ba. Na kafa shi a bakin iyaka, saiwar na duban ƙasa, na taka.
Ummi ta gani, ita ke bina da iri. Baba Yahuza ma ya gani, daga kan amalankensa.