Karan Awo a Ajina

Zuwa ga Kawu Sale, a Banyo.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna da yara. Yaya ƙafar taka, yaya shanu?

Kawu, hankalina a tashe yake. Makarantar da aka turo ni a Pitowa ba ta da abin awo, sai na yanko karan dawa daidai mita ɗaya, na sa yara suka kwanta suna auna juna don lissafi ya zauna musu. Wallahi na manta cewa da kara ake auna gawa kafin a haƙa kabari.

Washegari zazzaɓi ya kwantar da Bubakari, yaron da aka fara aunawa. Mahaifinsa ya zo har aji, ya ce, "Malam, kabari ka auna wa ɗana?" Na ce masa cizon sauro ne, bai saurare ni ba. Shugaban makaranta ya ce in yaron bai tashi ba, ba zai iya kare ni ba.

Yau na kai musu kinin, maganin zazzaɓi. Uwar ta karɓa, amma ba a ce in shigo ba.

Ka gaida Goggo. Ku sa Bubakari a addu'a kafin ni.

Ɗanka, Isa.