Taga ta Uku Daga Ƙofa

Litinin, 4 ga Maris

Sammaci ya zo ana tsakar cinikin rana, wake na kan wuta. Don Gildardo, tsohon ubangidana, ya kai ni kotu. Wai gidan abincina kwaikwayon nasa ne: sirdunan alfadarai a bango, fitilun ƙwai da buhunan kofi a rataye, tagogi ja da rawaya da kore. Ko in sauke komai, ko a rufe ni. Shekara goma sha huɗu ina ɗaukar masa faranti, tukuicin ke nan.

Marleny mai dafa mini abinci ta leƙo ta ce, "Uwar ɗakina, shi ya haifi alfadaran ne?" Na yi dariya.

Laraba, 6 ga Maris

Ko arepa, wainar masararmu, ban iya ci ba.

Asabar, 16 ga Maris

Na ga lauyata, Dakta Yepes. Ba ta da yawan fara'a, hakan ma ya fi mini. Ta ce babu mai mallakar sirdi, rabin mutanen yankinmu na Antioquia jikokin masu kora alfadarai ne. Abin da alƙali zai duba shi ne daga ina na samo tsarin. Na ce daga gidanmu mana! Shekara talatin mahaifina yana sauko da kofi daga duwatsun Sonsón a bayan alfadari. Shi Gildardo a shagon ubansa na yadi ya girma, in aka ba shi linzami bai san ta ina ake sa shi ba.

Ta ce to madalla, in kawo hoton gidan, kuma zan rantse a kai. Na ce ko sau goma.

Alhamis, 21 ga Maris

Mun yi kiciɓis a kasuwa wurin masu ayaba. Ya tsufa. Ya ce, "'Yata, da kin tambaye ni." Na ce, "Ni ba 'yarka ba ce, Don Gildardo." Har na isa mota ina jin haushin da na sa masa Don ɗin girmamawa.

Talata, 26 ga Maris

Lauyansa ya aiko da hotuna, nasa da nawa gefe da gefe. Sun zagaye abu ɗaya da jan biro: taga ta uku daga ƙofa. Tasa shuɗiya, tawa shuɗiya, sauran duk ja da rawaya da kore.

Na san labarin tasa, a gabana aka yi. Fenti ne ya ƙare, rowa ta hana shi sayen wani, ya sa aka ƙarasa da ragowar na tsohuwar motarsa. Dakta ta cire tabarau ta ce, "Taki fa?" Na ce haka tagar Mama take. Ban yi ko ɗar ba. Ina ganinta a idona, har da kyanwa a kwance.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Na je ƙauye ɗaukar hoto. Shekara shida rabona da can, tun da muka fara aika mota tana kawo mana Mama.

Gidan fari ne. Farar ƙasa, ita ma duk ta ɓare. Tagogi biyu ne ba uku ba, katako zalla, ruwan sama ya baƙanta su. Na zagaya baya, na dawo, na sake zagayawa kamar wadda ta ɓata hanya.

Na ce, "Mama, yaushe kuka kankare fentin?"

Ta ce, "Wane fenti, Nubia? Da kuɗin wa?"

Na tambaye ta sirdunan Baba da ke rataye a bango. Dariya ta yi har da tari. "A bango, don ɓarayi su gani? Ƙarƙashin gado yake tura shi, kuma ɗaya ne tal. Ke dai 'yar nan tun kina ƙarama kin iya ƙarin gishiri."

Kyanwar kuwa ta Don Gildardo ce. Sai a mota na tuna. Na tsaya a gefen hanya na yi kuka, haushi da kunya duka. Ina 'yar sha bakwai na shiga wurin mutumin nan.

Litinin, 8 ga Afrilu

Ban faɗa wa Dakta ba. Marleny na faɗa wa. Ta rage murya ta ce abin ai mai sauƙi ne: a shafa wa tagar Mama shuɗi, a goge da dusar kofi ya yi kamar tsoho, a ɗauki hoto. "Wa zai sani? Mu shida muke ci a nan fa, uwar ɗakina."

Na sayi fentin. Yana bayan mota.

Laraba, 10 ga Afrilu

Gobe ne zaman kotu. Gwangwanin yana nan, duk ramin da na shiga sai ya yi ƙara.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Na rantse. Lauyansa ya ɗaga hoton ya ce a ina na ga taga ta uku shuɗiya. Na ce, "A wurinsa."

Dakta ta rufe ido. Shi kuma Gildardo, maimakon ya yi murna, sai ya zaro hankici ya hau fyace hanci. Alƙali zai yanke hukunci a watan Mayu. Marleny ta yi ta fushi da ni har muka tashi daga aiki.

Asabar, 13 ga Afrilu

Mun sauke sirdunan, na bar ɗaya. Mun shafe bango da farar ƙasa, mun kankare tagogi. Ba don shi ba ne, dama bangon ya yi datti. Wata motar 'yan yawon ƙarshen mako ta rage gudu, suka duba, suka wuce.

Saura taga ta ukun, shuɗiyar. Marleny ta miƙo mini abin kankara sau biyu, na ce mata hannuna ya gaji. Da ta shiga ciki na ja kujera na ci abincina a ƙarƙashinta, kamar yadda na saba zama a ƙarƙashin tasa in baƙi sun watse.