Akwatunan Baba

Midelt, 9 ga Janairu

Yaya Bassu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Hadda da yara. Yaya sanyin Meknes?

Bayan gaisuwa, hankalina a tashe yake. Tuffar da ke ɗakin sanyin ƙungiyarmu ta manoma, wanda nake kula da shi, tana ruɓewa. Shuɗiyar funfuna ta ci kusan kashi ɗaya cikin uku, alhali da hannuna na tsoma ta a magani kamar kowace shekara. Baba ya ce in ninka maganin. Na ninka, ko gezau.

Mutane sun ɗora wa Assu laifi, don shi baƙo ne, bara ya shigo ƙungiya. Za a zauna a kansa, maganar kora ake yi. Na ba direba tuffa shida da guntun katakon akwati, ka duba mini a ɗakin gwajinku.

Ƙanwarka,
Zuhur

21 ga Janairu

Yaya Bassu,

Ina gaisuwa, da fatan tarin Hadda ya yi sauƙi.

Takardarka ta iso, na karanta ta sau uku a tsaye. Ka ce funfunar ta saba da maganin, ba ya kashe ta, kuma a jikin katakon take shekara. Ba ka tambayi na wane ne ba. Na Baba ne, cikin akwatunan da yake ara wa kowa kyauta da kaka, waɗanda ya hana a wanke don kada katako ya kumbura. Assu kaɗai ya zo da na roba.

Na gaya wa Baba. Ya daɗe yana juya shayinsa, sannan ya ce, "Shekara talatin ina alheri, yau 'yar cikina ta ce cuta nake rabawa."

Gobe ne zaman. Wallahi tsoro nake ji.

Zuhur

23 ga Janairu

Yaya Bassu,

Ina gaishe ku duka.

An yi zaman. Na yi ta kallon Baba ko zai tashi, shi kuwa carbinsa yake ja. Da aka fara ɗaga hannu a kan Assu, na miƙe na karanta takardarka, har da abin da ba ka rubuta ba, wato cewa akwatunan Baba ne. Ba a kori Assu ba. An ce a ƙona akwatunan.

Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Shi ya jera su a bayan gida, shi ya kunna ashana. Yau na kai masa abinci, ya ce a gaya wa mai kula da ɗakin sanyi ya gode.

Ka zo, Yaya.

Ƙanwarka,
Zuhur